Gidan da Ɗantani Bai Shiga Ba

Ɗantani ɗan Sarkawa ne, masuntan bakin gulbi a ƙasar Maradun. Tun kafin a fara zancen dam ɗin Bakolori, shi ake aika wa idan guga ya faɗa rijiya ko taru ya maƙale a gurbi, saboda Allah ya ba shi dogon numfashi. Gajere ne, kunnensa na hagu ruwa ya cinye, in ana masa magana sai ya karkata kai kamar mai neman tasha a rediyo.

Da aikin dam ya kankama, aka ɗauke shi tuƙa kwalekwale ga wani mai nutso, Simon, mutumin ƙasar Filifin, wanda ke duba ƙarafa a ƙarƙashin ruwa. Simon ya iya Hausar kasuwa, ga shi da son labari.

"Ƙasarmu ba ƙasa ba ne, Ɗantani," in ji shi. "Teku ne, an watsa tsibiri kamar gero. Ina saurayi, jaka a baya, yau wannan tsibiri, gobe wancan. In barci ya zo, na kwanta a yashi. Ruwa garau! Kana sama, kana ganin inuwar jirginka a ƙasa. Kifi kala-kala kamar atamfa."

A lokacin ruwa ya fara hawa, ya riga ya taɓa gonakin fadama. Ɗantani ya dubi ƙauyukan da aka tasa, ya ce, "To can ƙarƙashin naku ruwan, gidan wa ke akwai?"

"Babu gidan kowa. Kifi kawai."

"Kun huta," in ji Ɗantani.

Ranar da Simon zai koma, ya bar masa jakarsa ta goyo da tabaran nutso, na roba mai gilashi guda, wanda ke rufe ido da hanci. Ruwa ya cika. Tuddan da a dā ake kai awaki kiwo suka koma tsibirai, tsamiya da gawo suka tsaya a ruwa sai ƙoƙuwa ake gani. Ɗantani ya samu nasa tsibiran ba tare da ya je ko'ina ba. Ya goya jaka, garin kwaki da ƙuli a ciki, ya yi kwanaki yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana gane garuruwa da kan itatuwansu.

Mutanen da aka tasa suka fara nemansa daga Bakura, daga Birnin Tudu, har daga cikin Mafara. Wannan ta manta dutsen niƙan kakarta, wancan ya bar tukunyar ƙarfe. Amma yana da ƙa'ida guda. Ba ya shiga gidan mutum sai mai gidan na cikin kwalekwale, ya ce da bakinsa, "Shiga, na yarje maka." Kuma duk da rufi ya rushe, katanga ta narke zuwa ƙugu, bai taɓa faɗawa gida ta sama ba. Sai ya nutse a waje, ya bi hanya, ya nemi ƙofar zaure, ya yi sallama a zuci, sa'annan ya wuce. Abokansa masunta suna masa dariya. Shi dai ya ce ruwa ya ci gini, bai ci mutuncin gida ba.

Da bazarar farko bayan cikar ruwa, wani tela daga Morai mai suna Abdulhamid ya same shi a bakin ruwa, yayarsa Nafisatu na biye da shi a lulluɓe. Suka gaisa, lahiyar gida, lahiyar iyali, gajiya, zafi, har gaisuwar ta ƙare aka rasa abin ƙarawa. Sai Abdulhamid ya faɗi abin da ya kawo su.

Mijin Nafisatu, Malam Tukur, mai karantarwa a Tungar Gawo, ya ƙi tashi da aka tashi kowa. Ya sa ta a mota da kaya, ya ce ta yi gaba, shi zai sallami kaburburan iyayensa ya biyo ta. Bai biyo ba. Wasu sun ce sun gan shi a mota ya yi gabas, wasu sun ce ƙarya ne. Alƙali ya ce ko a kawo wanda ya ga gawa, ko ta jira shekaru.

"Ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba," in ji Nafisatu, ba ta ɗago kai ba. "In ya rasu, ina rataye da haƙƙinai ban yi mai zaman takaba ba. In yana raye, to in sani. Ka duba min ɗakinai, Ɗantani."

Ɗantani ya karkata kai. Gidan Malam gidan ba-shiga ne, ya san shi. Yana yaro ya sha kai kifi can, iyakarsa zaure.

"Inna, wa za ya ba ni izini?"

"Ga matar gida nan," in ji Abdulhamid.

"Mace ba ta ba ƙato izinin shiga turakar mijinta."

"Kai ɗan Sarkawa, gidan da tarwaɗa ke shiga ba sallama, kai ne za ka tsaya neman izini?"

"Tarwaɗa ba ta yi karatu wurin Malam ba."

Duk da haka ya ɗauke su. Da hantsi suka tashi, Abdulhamid ya ƙanƙame gefen jirgi da hannu bibbiyu yana ta salati, Ɗantani na ce masa ya saki, jirgin ba keken ɗinki ba ne, ba ya gudu. Suka wuce tsibiri suka wuce wani. Ruwan ya ja baya a wannan bazarar, ya kwanta luf, ya yi haske yadda Ɗantani bai taɓa gani ba. Da suka iso busasshen gawon da garin ya ci suna, tsuntsayen da ke kansa ba su tashi ba, kallonsu kawai suke.

Ya ɗaure jirgi a reshe, ya ɗaura igiya a ƙugu ya miƙa wa Abdulhamid bakinta, ya sa tabarau, ya cika ƙirji, ya sauka.

Ga hanyar masallaci, laka ta kwanta a kanta kamar an share. Ga bakin rijiya. Zauren Malam da dutse aka yi masa tushe, saboda haka yana nan, azarar ƙofa ba ta faɗi ba. Ɗantani ya riƙe azarar, ya yi sallama a zuci. Daga nan yana hangen ƙofar turaka can ciki. A bakinta ga takalma faɗe, irin silifa, an jera su kai ɗaya, ga buta a gefe. Kayan roba ne, ya kamata a ce ruwa ya tafi da su tuni.

Sai ya ji gyaran murya.

Ba mai ƙarfi ba. Irin wanda Malam ke yi in yana tsakiyar lazimi aka yi sallama, wato an ji ka, dakata in idar. Duk wanda ya tashi a Tungar Gawo ya san shi, kuma ya san ba a juyawa a tafi, ba a kuma kutsawa. Ɗantani ya dakata. Ƙirjinsa ya fara zafi, ya dakata. Gilashin ya fara duhu daga gefe, yana riƙe da azara yana jira Malam ya shafa addu'a. Igiyar da ke ƙugunsa ce ta fizge shi. Abdulhamid ne, tsoro ya sa shi ja da duk ƙarfinsa.

Ya daɗe kife a cikin jirgi yana aman ruwa. Da ya samu magana ya ce, "Na yi sallama. An ce in dakata."

"Wa ya ce?"

"Malam ya yi gyaran murya."

"Ƙurungu ne!" in ji Abdulhamid. "Kifin nan mai gurnani. Kai da a tudu sai an yi maka ihu, yau ka zama mai ji a ƙarƙashin ruwa? Koma ka leƙa ta sama, ba rufi fa!"

"Ko ƙurungu ne, ba ni leƙa turakar Malam ta sama. Kuma ba ni rantse wa alƙali abin da ban gani ba." Ya juya ga Nafisatu. "Ki gafarce ni, Inna. Iyakata ke nan."

Nafisatu ba ta yi kuka ba. Ta dubi ruwan ta ce, "Mi ka gani bakin ƙohwa?"

"Takalma da buta."

"Sun dubi ciki ko waje?"

"Ciki."

Ta miƙo hannu. "Ba ni abin idon nan. Ni ba a ce min dakata a ɗakin nan. Kai dai kai ni bisa kansa, ka kau da ido."

Abdulhamid ya fara, "Yaya, don Allah," ta ce masa ya riƙe ƙafafunta ya yi shiru. Ɗantani ya kwance jirgi, ya tura shi a hankali yana ƙiyasi da gawon, idonsa na kan tsibirin da ke nesa. Ta ɗaura tabarau a kan kallabi, ta durƙusa, ta sa fuskarta a ruwa.

Ɗantani ya san iyakar numfashin wanda bai saba ba. Ta wuce wannan iyakar. Ba ta motsa ba, ba kumfa. Can ta gefen ido ya ga kanta ya ɗan sunkuya ƙasa, sau ɗaya, yadda mace ke yi in an gama yi mata magana. Ta ɗago, ta cire tabarau, ta goge shi da bakin mayafi, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Yaya, mi kika gani?"

Ta zare 'yan kunnenta da warwaron hannunta, ta ƙulle a habar zane.

"Ku maishe ni gida," in ji ta. "Yau zan shiga takaba."

Alƙali ya so ya musa, ya kira ta ta yi masa magana ta bayan labule, daga shi sai ita, ƙanenta na bakin ƙofa. Abin da ta faɗa bai fita ba, amma bai sake neman shaida ba. Ta yi takabarta a Morai har ta fita.

Ɗantani ya ci gaba da nutso har ƙarfinsa ya ƙare, ya fito wa mutane da abubuwa da yawa. Tungar Gawo ce kawai bai sake sauka ba. In hanya ta biyo da shi ta wajen, sai ya ɗaga filafili daga ruwa, ya bar jirgin ya zame da kansa, kuma duk surutun fasinja sai ya ce a rage murya, ana lazimi.