Mai Ƙirga Hakin Shanu

Ba wanda zai ce ya taɓa ganin Kawu Bokiti a zaune ya kai minti biyar. Ko abinci a tsaye yake ci, ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, kunnensa na ɗakin shanu. Shekara ashirin da biyu ke nan yana tatsa a gonar. Ya zo tana da saniya goma sha ɗaya da rumfar katako. Yanzu arba'in ne a dogon ɗaki mai rufin kwano da daɓen siminti, ba sa fita kiwo, harawa da dusa har gabansu ake kai musu. Sunan Bokiti kuwa abokan aiki ne suka laƙa masa, wai ko gaisuwar surukai za shi sai an tuna masa ya ajiye bokitin.

Duk shekara idan zafi ya kama, kwanon nan sai ya koma murfin tukunya. Shanu su daina tuƙa, su tsaya cirko-cirko baki buɗe, miyau na dalala, madara ta ja baya. Duk shekara kuma sai Kawu ya sami mai gona ya ce shanun nan dahuwa suke yi. Mai gona ya ce to, za a duba. Mutum ne da ba ya yarda da maganar da ba a takarda take ba.

Bana sai ga wata mai bincike daga jami'a, kowa na ce mata Dakta, da fanka shida na aro a bayan mota. Ta sa aka raba ɗakin biyu da ƙarfe: shanu ashirin a gabas, aka kafa musu fankokin, ashirin a yamma, aka bar su yadda suke. Ta ce a da masu bincike iskar ɗaki kawai suke aunawa, yanzu hankalinsu ya koma kan saniyar kanta, don ita ta san abin da take ji. Aikin Kawu shi ne kullum ƙarfe ɗaya na rana ya tsaya bayan kowace saniya da agogo, ya ƙirga sau nawa kwiɓinta ya ɗaga a minti ɗaya, ya rubuta. Ita za ta riƙa zuwa Litinin da Alhamis har sati shida. Mai gona ya yi alkawari a gaban kowa: in takarda ta nuna bambanci, zai sa wa duk ɗakin fanka. In ba ta nuna ba, na aron ma su koma inda suka fito.

"Abu ɗaya nake roƙo, Baba," in ji Dakta. "Kada ka yi wa na yamma komai da ba ka saba yi ba. Ko ka ji tausayi, ka danne."

Kwana takwas ya danne. Na gabas numfashi sittin, sittin da biyar, suna kwance suna tuƙa. Na yamma tamanin da biyar, casa'in. A cikinsu akwai mai lamba talatin da ɗaya, tsohuwar saniya da shi ya karɓi haihuwarta da hannunsa. Takan fito da harshe waje ta zuba masa ido.

Rana ta tara, da sha biyu da rabi, ya leƙa waje bai ga kowa ba. Ya jawo tiyo ya jiƙa bayan talatin da ɗaya. Ta gefenta ta miƙo wuya, ita ma ya jiƙa ta. Kafin ya ankara ya gama da ashirin ɗin. Ya share ruwan daɓen, ya jira jikinsu ya sha iska, ƙarfe ɗaya ya yi ƙirga: saba'in, sittin da takwas. Bai ƙara ba, bai rage ba. Da wannan ya lallashi kansa, ai bai rubuta ƙarya ba. Daga nan kullum sai ya yi, ban da Litinin da Alhamis.

Matarsa ce ta fara ganewa, don wandonsa kullum a jiƙe yake dawowa. Da ya gaya mata, ya tsaya jiran ta yaba masa tausayi. Ita kuwa ta ci gaba da ninke kayan wanki, ta tambaye shi shekara nawa shanun nan suna haki a gabansa. Ya ce ashirin da biyu. Ta ce to a cikinsu sau nawa ya taɓa kama tiyo da tsakar rana yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

"Baban yara, ni fa na san ka. Ba hakinsu ne ya dame ka ba. Na gabas ne suka daina waiwayenka."

Ya ce surutun banza, ya fice ba ko takalmi. Amma ta taɓa inda yake ciwo. Tun da aka kunna fankokin, in ya shiga ɓangaren gabas ba saniyar da ke ɗaga kai. Duk sun juya fuska wajen iska, ya wuce ta bayansu kamar baƙo. Na yamma kuwa da sun ji takunsa sai su taso. Ya fi shekara goma yana roƙon a sauƙaƙa wa shanu zafi, ga sauƙin ya zo daga hannun wata, shi kuma yana tafe yana jin haushin ƙarar fanka.

Sati na uku ya cika, aka zauna a ƙaramin ofishin gona. Kawu na tsaye a bakin ƙofa yana murza hularsa. Mai gona ya duba takardun ya yi dariya, ya ce ashe duk hayaniyar nan a kan numfashi biyar ake yi, madarar ma kusan ɗaya ce. Ba sai an kai sati shida ba, gobe a kwance fankokin.

Dakta ba ta yi gardama ba. Ta ce akwai abin da ya ɗaure mata kai. Ƙaramar na'urar da ta maƙala a bangon yamma tana nuna danshi ya tashi kullum wajen sha biyu da rabi, amma ba ya tashi a ranakun da take nan. Ta ce wataƙila na'urar ce ta lalace. Ba ta ko dubi inda Kawu yake ba. Hanyar fita ce ta buɗe masa, ya kuwa gane. In ya yi shiru, laifi ya tafi kan na'ura, fankoki su tafi, shanu arba'in su koma dahuwa, shi kuma ya ci gaba da zama wanda suke waiwaye. Sai da ya auna hakan a ransa, kuma bai ji daɗin yadda ya daɗe yana aunawa ba.

"Na'urarki lafiyarta ƙalau, Dakta," ya ce. "Ni ne nake musu wanka."

Mai gona ya yi ta faɗa, ya ce da gemunsa da komai ya zo yana wasan ruwa kamar ɗan yaye, ya mayar da mutane sakarkaru. Kawu ya sunkuyar da kai ya sha. Da ƙura ta lafa Dakta ta ce aikin sati biyun nan ya tafi, amma saura sati uku kafin zafi ya karye. In an bar na yamma a bushe, zai ishe ta ta fitar da gaskiya. Mai gona ya ce sati uku, ba ƙarin ko kwana ɗaya. Dakta ta tambaya ko a ba wani mutum aikin ƙirgar. Kawu ya ce a'a. Ya je ya ciro kan famfon yamma, ya kawo ya sa mata a jaka, ya ce ta tafi da shi, don bai yarda da hannunsa ba. Ruwan shan shanun yamma kuwa zai riƙa ɗebo musu daga gabas.

Washegari rana ta buɗe kamar da gayya. Tun sha biyu yake kai da kawo tsakanin ƙofa da ƙarfen tsakiya, ya gyara harawar da ba ta buƙatar gyara, ya share inda ya riga ya share. Ƙarfe ɗaya ya tsaya bayan talatin da ɗaya. Harshenta a waje, kwiɓinta na bugawa, ta juyo tana kallon hannunsa. Ya ƙirga casa'in da huɗu.

Ya ɗora biro a takarda sai wani tunani ya zo masa. In ya rubuta ɗari da biyar fa? Ai mai gona zai fi saurin tsorata, kuma wannan karon don shanun ne, ba don kansa ba. Ko kuwa don kansa ne, ya goge kunyar jiya? Ya kasa rabewa. Gumi ya ɗiga a kan takardar.

Ya rubuta casa'in da huɗu, ya matsa ga ta gaba.