Alluran Yaya

Yayana ya yi shekara talatin da ɗaya yana saukar da jiragen sama, amma bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. Ni ne matuƙi a gidanmu, mai farar riga da zane huɗu a kafaɗa, wanda dangi ke nunawa da baki a wurin taro. Shi kuwa in an tambayi Inna aikinsa, sai ta ce gadin wani ɗaki yake yi a filin jirgi.

Ɗakin yana can ƙarshen titin jirgi, cikin ciyawa, da fenti ja da fari, bai fi kicin ɗin gidan haya girma ba. Ma'aikata suna ce masa bukka, Yaya kuma Mai Bukka. A gabansa akwai jerin eriya kamar haƙoran mataji, ga kuma wata ƙaramar bukkar a gefen titi. Daga nan na'ura ke aika saƙo sama, ya shiga jirgi ya motsa allurai biyu a gaban matuƙi. Ta tsaye tana cewa yi dama ko hagu, ta kwance tana cewa ka yi sama ko ƙasa da yawa. In suka gicciye a tsakiya, kana kan hanya, ko da ba ka ganin hancin jirginka. Ranar ruwa da gajimare su muke bi har saura ƙafa ɗari biyu mu taɓa ƙasa. In fitilun titi sun bayyana ka sauka, in ba su bayyana ba ka tashi ka sake zagayowa. Ranar da gari ya yi garau kuwa, mai hasumiya, wato mai ba jirage izinin sauka, yakan ba ka zaɓi, ko ka bi na'ura ko ka sauka da ido.

Ni mutumin ido ne, kuma ban ɓoye ba. A ganina duk wanda ya bi allura rana tsaka rago ne. Nakan faɗi haka a gidan Yaya, ina cin abincinsa, matarsa tana ce mini direban sama marar kunya. Shi sai dai ya yi murmushi ya tura mini kwano.

Kullum da safe yakan rataya mitar auna saƙon a wuya ya taka titin da ƙafa, ya tsaya a kowace alamar fenti, ya auna, ya rubuta a ƙaramin littafinsa. Mutumin da ko akuya ba ya iya tsawatawa a gida, in mai yankan ciyawa ya ajiye tarakta a gaban eriya sai ya zama wani daban, don ƙarfe yana karkatar da saƙo. Ya taɓa bin motar manajan filin da gudu, takalmi a hannu, har ya kore ta. Ya yi faɗa da gara, da ƙadangaru masu kwana cikin akwatin waya, da na'urar sanyaya ɗaki da ta fi jariri rigima. Duk wannan don allurai biyu da bai taɓa ganin motsinsu a sama ba.

Wannan shi ne burinsa, kuma bai da wani. Ba Yaya ba ne mai roƙo, shi ya sa ban manta ranar da ya roƙe ni ba. Saura wata huɗu ya yi ritaya, muna zaune a barandarsa, ya ce:

"Auta, so nake in zauna a bayanka sau ɗaya, in ga yadda suke gicciyewa. Gani ya kori ji."

Na ce wannan ai ƙaramin abu ne. Ashe ba ƙarami ba ne. Ɗakin matuƙa ba ya shiguwa sai da takarda, takardar kuma sai da ta zaga ofis biyar, ta ɓace sau ɗaya, Yaya ya sake cikewa da hannunsa. Ta fito da izinin tafiya ɗaya tak, zuwa da dawowa.

Ya zo da riga ta sha guga, da littafin nan a aljihu. Na zaunar da shi a 'yar kujerar da ke tsakanina da mataimakina, na ɗaure masa bel. A zuwa bai damu ba, na'urar wancan filin ba tasa ba ce. Muna dawowa, tun kafin mu fara gangarowa ya buɗe littafin, ya rubuta kwanan wata a saman shafi, ya riƙe biro.

Gari ya yi garau ranar, tun daga nesa ina hango titin. Mai hasumiya, wanda abokina ne, ya kira ya ce babu kowa a gabana, in ina so in yanko ta gajeriyar hanya in sauka da ido. Kafin mataimakina ya ɗago kai na amsa. Shekara ashirin bakina ya saba da wannan amsar. Ba zan ɗora wa sabo laifin duka ba: so nake Yaya ya ga ƙaninsa. Na kwantar da jirgin na yanko kwana, ban bi ta doguwar hanyar da allurai ke kamawa ba, ban ma kamo tashar na'urarsa ba. Na ajiye tayoyi a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Muka rage minti shida.

Na juyo ina jiran yabo. Yaya yana kallon gilashin da alluran ya kamata su fito. Ya rufe littafin, ya mayar da biro aljihu, ya ce:

"Sannu da aiki, Auta. Hannunka na da kyau."

Sai a lokacin na tuna abin da ya kawo shi. Babu abin da zai hana ni bin na'ura ranar, ba ta san ruwa ko rana ba, aiki take yi. Kalma ɗaya ce zan faɗa wa mai hasumiya. Na ce wa Yaya za mu sake, ya ce Allah Ya kai mu. Na nemi wata takardar, sai lokacin ritayarsa ya yi, aka ce ba a ba wanda ya yi ritaya. Kafin in gama bin manya, ciwon suga ya taɓa masa ido, cikin shekara biyu ya daina gane fuska. Da-na-sani ƙeya ce, kuma tawa ba ta bar ni ba har yau. Bai taɓa tayar da maganar ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Daminar bara na dawo cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, ban ga komai ba sai toka-toka a gilashi. Na bi alluran har ƙafa ɗari biyu, fitilu suka bayyana daidai inda ya kamata. Mutum ɗari da arba'in ne a bayana. Ko gida ban biya ba, na wuce wurinsa da jiƙaƙƙiyar riga. Yana baranda yana sauraron ruwa, ya ce ya ji wucewar jirgi, ya san da na'ura aka sauka. Na ce ni ne. Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Yaya suke? Suna rawa?"

"Ba sa rawa, Yaya. Cak suke tsayawa a tsakiya."

Ya shafa gwiwarsa.

"Haka nake tsammani," in ji shi.