Shanyar Inna Mai Wanki

Shekara ashirin da biyu Inna Mai Wanki tana shanya a rufin benen da take haya, dab da tsakiyar gari. Ɗaki arba'in ne a gidan, yare kuwa ya fi bakwai. Ba ta jin ko rabinsu, amma ta san kowa ta tufafinsa: direban da wuyan rigarsa ke cin sabulu, nas mai fararen kaya, tsohon hawa na biyu da wandonsa ɗaya tal. Da hannu ake nuna mata tabo, da hannu take cewa a dawo gobe.

A da, rana wuni take a rufin. Sai aka tayar da dogon gini ta gabas, hantsi ya tafi. Aka ƙara wani ta yamma, la'asar ta bi shi. Inna ta dinga matsar da igiya tana bin haske har ta ƙure da bango.

Kaya suka fara warin danshi. Nas ta shinshina rigarta, ba ta sake kawowa ba.

"Inna, ki dawo wurinmu mana," in ji 'yarta.

"Ku shida a ɗaki ɗaya? A kan igiya zan kwana?"

Yanzu rana da azahar take leƙowa, faɗin tabarma, ta wuce. Inna takan kife bokiti a wurin, ta zauna, ta shanya kumburarrun yatsunta. Jiya ta hango ana sauke rodi a filin kudu.