Turmin Inna da Na Ɓoye a Bayan Rumbu

Assalamu alaikum, Edita da masu karatu. A shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗaukar yara a Dareta da ƙauyukan da ke kewaye da Anka, ni magidanci ne mai mata ɗaya da ɗiya ɗaya a goye. Noma nake yi, da rani kuma in koma ga littattafan da mahaifina ya bar mini, domin a hannunsa na koyi karatu da rubutun ajami. Ina da wani hali tun ina yaro, ba na ganin abu in bar shi sai na san abin da ke cikinsa. Na taɓa kwance rediyon mahaifina don in ga inda mai magana yake zaune. Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce wata rana bin diddigina zai tono mini abin da ba zan iya rufewa ba.

Ƙauyenmu bai sha wuya kamar wasu ba, amma an taɓa mu. Ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar tsakar gidaje, suka zuba sabuwa, suka ce duk turmin da aka taɓa daka dutsen zinariya a cikinsa a fito da shi a kai rami. A gidanmu akwai turmin Inna, na kirya, baƙi, mai nauyin da sai mutum biyu ke ɗagawa. A cikinsa aka daka hatsin da ya raine mu. Bayan rasuwarta ƙanena ya yi ta daka dutse a ciki, lokacin da kowa ke neman zinariya. Da aka zo karɓa sai zuciyata ta kasa. Na gangara da shi bayan rumbu, na lulluɓe da tsohon zana, na ce wa kowa an tafi da shi. A raina ba zan sake amfani da shi ba, ina son dai in san yana nan.

Da aka yaye ɗiyarmu sai ta ƙi yin ƙiba. Wata ma'aikaciyar lafiya, Kirista daga kudancin Kaduna wadda Hausa ta zauna a bakinta, ta ce mana yaron da cikinsa ke cike da abinci mai kyau ya fi jure wa gubar, a riƙa ba ta wake, gyaɗa, zogale, ƙwai da nono. A wannan tsakani na je kasuwar Gummi na tarar da wani mai lasifika yana tallar garin ƙarin ƙarfi a gwangwani, yana rantsuwa cewa ko yaron da ƙashinsa ya fito zai murmure. Na sayo ɗaya. Maimakon in dama wa yarinya, sai na zauna na buɗe, na shinshina, na lasa, na tankaɗe shi a rariya in ga ko akwai wani sirri. Daga baya na kai wa wani malamin firamare ya karanta mini abin da ke jikin gwangwanin. Ya ce waken soya ne, da hatsi, da garin madara, da sukari. Na yi dariya har ya tsargu. Ashe abin da na sayar da buhun gero don in saya, rabinsa yana gonata.

Daga nan na shiga gwaji, kuma wallahi na ji daɗin kwanakin nan. Na gano in aka jiƙa gero ya fara tsiro kafin a shanya, kununsa ya fi zaƙi kuma ba ya yin kauri. Na gano zogalen da ya bushe a inuwa yana riƙe korensa, na rana kuwa sai ya koɗe. Na soya waken soya har ƙarninsa ya tafi, na haɗa da gyaɗa, da dabino, da ɗan garin kuka. Matata tana kallona tana dariya, ta laƙaba mini likitan bayan rumbu, tana tambaya ko yaushe za a ɗauke ni aiki a asibitin Anka don ta huta da ganin maza a murhunta. Abu ɗaya ya gagare ni, garin ba ya yin laushi. Sabon turminta ba shi da nauyi, taɓarya sai tsalle take yi. Injin niƙa na ƙauyen kuwa ina tsoronsa, don na san an taɓa niƙa dutse da shi. Ku dubi ikon Allah, gudun guba ne ya kai ni ga guba.

Na yaye zanan nan na tsaya ina kallon turmin Inna, sai na kawo wa kaina hujja daga karatuna. Mun karanta cewa ruwa yana tsarkake najasa, kuma ana gane ruwa ya ɓaci ne da abu uku: launinsa, ɗanɗanonsa ko warinsa. Na wanke turmin da tafasasshen ruwa da toka, na goge da yashi, na maimaita kamar yadda ake yi wa ƙwaryar da kare ya sa baki. Sa'annan na zuba ruwa mai kyau na bar shi ya kwanta, na duba, na shinshina, na kurɓa. Garau yake. Na ce alhamdu lillahi, ya tsarkaka. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko dalma najasa ce, ko kuwa wani abu ne daban da littafin bai yi magana a kansa ba. Da matata ta gan shi ta ɗaure fuska, ta ce Malam, wannan bai yi kama da wanda aka ce an kai rami ba? Na ce mata ɗan'uwansa ne, na gwaggona ne ta Bukkuyum, sassaƙar mutum ɗaya. Ta yarda, domin ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba kafin ranar.

Garin ya yi laushi kamar kwalli. Yarinya ta karɓe shi, kumatunta suka ciko, har maƙwabta suka fara roƙon in sam musu. Na hana, na ce ban gama gyara haɗin ba. Yau in na tuna wannan rowar sai in yi sujada, don ita ce rahamar da Allah ya yi wa 'ya'yan mutane. Kafin damina ta fita ɗiyata ta canza. Ta daina wasa, cikinta ya ɗaure, ga amai, ga kuka mara dalili. Wata safiya tana zaune a tabarma sai ta sandare, idanunta suka juye, jiki na jijjiga. Muka kwashe ta sai Anka. Aka auna jininta aka ce dalma ce, kuma da yawa.

Ma'aikatan suka zo gida suka auna ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna, suka ce lafiya lau. Suka shiga yi wa matata tambayoyi, ina take kai yarinyar, da wa take wasa. Ta ce takan kai ta ƙauyensu wurin kakarta. Yayata, wadda ita ce babba a gidanmu, ta kama wannan ta riƙe. A gaban mata, a tsakar gida, ta ce ga irin yawon ganin gida nan, uwa ta ɗauki ɗiya ta kai ta cin ƙasar guba. Matata ta sunkuyar da kai tana hawaye. Ni kuwa ina tsaye, turmin yana kife a gindin bango, ban ce uffan ba.

Na bi ma'aikaciyar nan har bakin mota, na tambaye ta kamar mai neman ilimi kawai, ko turmin da aka wanke sosai zai iya riƙe guba. Ta ce itace yana shan ta kamar yadda yake shan mai, kuma duk bugun taɓarya yana fito da ita cikin gari, ba launi, ba wari. Ta dube ni da kyau ta ce, Malam, ka kawo shi, ba sai na ji na wane ne ba. Washegari na ɗora shi a amalanke na kai. A gida na ce tsagewa ya yi.

Allah ya tashi kafaɗar ɗiyarmu bayan doguwar jinya, amma ta taso abu ba ya saurin zama a kanta. Abin da sa'o'inta za su haddace a zama ɗaya, ita sai ta yi ta maimaici. Matata kuwa ta ɗauki laifin da ba nata ba. Ba ta sake kai yarinyar ƙauyensu ba, har mahaifiyarta ta rasu tana aiken a kawo mata jikarta ta gani. Na yi ta istigfari, ina sane da cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari.

Bara, da azumi, matata tana dama wa autanmu kunun nan na zogale da gyaɗa, sai na ji ta ce har yau ba ta kai goshinta ƙasa ba tare da ta roƙi gafarar abin da ta jawo wa ɗiyarta ba. Nan na ajiye ruwan buɗa-baki. Na gaya mata komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, ta dai ɗauke mini magana na wasu kwanaki. Da ta tashi yin magana sai ta ce ba a ɗaka aka ci mata mutunci ba, don haka ba a ɗaka za a biya ta ba. Ranar sallah, da dangi suka taru a tsakar gidan nan, na miƙe a daidai inda na tsaya na yi shiru a wancan lokaci, na faɗi abin da na yi, yayata tana zaune, ɗiyata ma tana ji. Da na gama matata ta ce ta yafe nata, na yarinya kuwa ba ita ke da shi ba.

'Yan'uwa, abincin gonarmu bai yi laifi ba, har gobe da shi muke kiwon yaranmu, kuma bai gaza na gwangwani ba. Amma ku duba abin da kuke daka shi a ciki, da inda kuke niƙa, da inda kuke shanya. Kada ku auna guba da ma'aunin tsarki, kowane ilimi da gonarsa, abin da ba ku sani ba ku tambayi masu shi. Kuma in kun yi kuskure ku faɗa da wuri, kafin wani ya ɗauka a madadinku.

Wannan wasiƙa da ajami na rubuta ta. Ɗiyata ce ta mayar da ita boko, a hankali, kalma bayan kalma, yadda take yin komai. Da ta zo wurin turmin ta ajiye alƙalami ta daɗe tana kallona, sa'annan ta ce in ci gaba da karanto mata, ta yafe tun ranar sallah.