Mai Sunan Malam A Cikin Kwamfuta

A duk shekarun da na yi a aikin nan, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da Darakta ya taso daga Dutse ya zauna gaban kwamfutarmu a Gumel, cikin damina ta 1997. Ku da kuke haɗa shafukan intanet masu rumbun bayanai yanzu, kusan kullum sai ɗayanku ya leƙo da tambaya iri ɗaya: "Baba Ɗanjuma, da me zan yi mabuɗin teburin nan? Me ya sa mutum ɗaya yake fito min sau uku?" In ce ku ba shi lamba, ku fita kuna gunaguni wai tsoho ya cika son lamba. To ku gyara zama ku ji inda na samo ta.

A lokacin babu wani intanet a Gumel. Ni magatakarda ne a mataki na shida, a wani shiri na rigakafin yara da ya haɗa Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Yadda aikin yake, duk yaron da aka kawo asibitin ƙauye, ma'aikaciya za ta cike 'yar takarda: sunan yaro, sunan uba, gari, da allurar da aka yi masa. Ƙarshen mako masu babur su kwaso takardun su kawo mana, ni kuma in zauna in buga su cikin kwamfuta. Kwamfutar ɗaya ce tal, muna lulluɓe ta da zane kamar kwanon tuwon baƙo, kuma ba ta tashi sai an tayar da janareto.

Wadda ta rubuta manhajar, a lokacin firogiram muke cewa, ita ce Madam Rifkatu, 'yar wajen Filato. Mijinta malamin sakandare ne da aka turo Gumel, ita kuma aka ɗauke ta kwantiragi. Tana jin Hausa sosai, sai dai irin ta Jos, mace da namiji duk "ya" ne a bakinta. Makon da ta fara aiki ta ga takardu duk an rubuta Sule Tankarkar, ta ce min, "Malam Ɗanjuma, wannan Malam Sule ɗin ya cika ƙoƙari, yaushe zai zo mu gaisa?" Na ce, "Madam, in ya zo ofis ɗin nan ba zai ɗauke shi ba, har da kasuwa gare shi." Da ta gane gari ne, ita ta fi ni dariya. Wajen aiki kuwa ba ta da wasa, kuma ita ta koya min duk abin da nake ci da shi yau.

Abin da manhajar za ta yi ba shi da wuyar faɗa. Ta fitar mana da yaran da lokacin allurarsu ya wuce ba a kawo su ba, a tura ma'aikata su bi su gida. Don ta gane yaro, Madam ta haɗa abu uku ta yi mabuɗi, wato abin da kwamfuta za ta duba ta ce wannan yaron shi ne na rannan: sunansa, sunan ubansa da garinsu. Kowa ya ce daidai ne, har da ni.

Da muka fitar da rahoton farko muka tura Dutse, sai abin kunya. Akwai wani Muhammadu Sani a Gumel da kwamfuta ta ce an yi masa allurar ƙyanda fiye da abin da doki zai ɗauka, alhali sau ɗaya ake yin ta. Akwai wani uba mai suna Malam da ya haifi rabin yaran Gagarawa Tasha. A Maigatari ma har da uba mai suna "Shi", wata sabuwar ma'aikaciya ce ta rubuta abin da ta ji. Mafi muni, yaran da rahoton ya ce ba a gama musu allura ba, in ma'aikata suka sha rana suka je gidan, sai uwa ta ce an gama tuni. Ma'aikata suka fara tsine wa kwamfuta, wasu har da mai ita.

Ba a jima ba saƙo ya zo daga Darakta, Alhaji Garba. Ya ce zai zo da kansa kafin kwantiragin Madam ya ƙare. In abin bai gamsar da shi ba, a naɗe kwamfuta a mayar Dutse, a koma manyan littattafan rajista, Madam kuma ta nemi wani aikin. Ta karanta, ta ajiye, ta yi tagumi. Wallahi ta ba ni tausayi, domin na san wahalar da ta sha a kan manhajar nan. Ta bi abin da ta rubuta layi-layi ba ta ga kuskure ba. Ni ma na koma kan takardun, abin da aka rubuta shi na buga.

Rannan ta ce, "Malam Ɗanjuma, laifin ba a ɗakin nan yake ba. Tashi mu je mu ga yadda ake cika takardun."

Muka bi motar aiki zuwa ƙauyen Ɗanzomo ranar rigakafi. Muka zauna a benci gefen ma'aikaciya, mata na layi da goyo. Aka zo kan wata matashiya da ɗan jaririnta. Ma'aikaciya ta ce, "Sunan yaro?" Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta ce, "Mai sunan Malam." Aka ce, "Sunan uba?" Ta ƙara yin ƙasa da murya ta ce, "Malam."

Madam ta matso ta ce, "Baiwar Allah, wane Malam ɗin? Ba shi da suna ne?"

Matan layi suka kwashe da dariya, ita kuwa uwar ta rufe fuska gaba ɗaya. Wata dattijuwa a bayanta ta ce, "Ke likita, ɗan fari ne fa, kuma sunan surukinta ya ci. Da wane bakin za ta faɗa? Abdullahi sunansa. Wancan zuwan ni na kawo shi, na faɗa an rubuta. Na farko kuwa kakarsa ce ta kawo shi, ita Angona take ce masa."

Madam ta juyo ta dube ni, ni ma na dube ta. Yaro ɗaya, zuwa uku, suna uku. A wurin kwamfuta yara uku ne, kowanne da allura ɗaya, kowanne ana neman sa. Su kuma masu suna Muhammadu Sani da iyayensu suka ci suna ɗaya, ta cure su ta mai da su mutum guda.

A hanyar dawowa ta ce, "Kai ka san wannan al'adar tuntuni, ka yi shiru?"

Na ce, "Madam, ai ban san kwamfuta ba ta sani ba."

Gaskiyata ke nan. Abin da ka tashi a cikinsa ba ka ganinsa. Na yi mata bayani cewa mace ba ta kiran sunan mijinta ko na surukinta, iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, wanda kuma ya ci sunan mahaifin mutum sai a laƙaba masa Abba ko Baffa. Ta ce, "To kai mene ne sunan ɗanka na fari?" Na ce, "Madam, dubi yadda geron nan ya yi kyau bana." Ta yi dariya har da ƙwalla, direba na taya ta.

Washegari ta rushe ginin ta sake. Ta ce kowane yaro za a ba shi lamba tasa, wadda ba ta nufin komai kuma ba ta canzawa, a rubuta a kati, uwa ta riƙe. Ta raba teburin, wato jerin bayanan da ke cikin kwamfuta, gida uku: na yara, na allurai, da na sunaye, duk lambar ce ke ɗaure su. Yaro ɗaya ya ɗauki suna ko nawa ne, na yanka da na kunya da na tsokanar kaka, duk a ƙarƙashin lambarsa. In kati ya ɓata, a nemo shi da kowane suna tare da ƙauyensu. Muka yi makonni muna tsefe tsofaffin bayanai, muna tambayar ungozomomi da masu unguwanni wane ne wane, aka raba katuna gida-gida.

Sai ga wata sabuwa. Labari ya kai wa Darakta cewa ana sa wa 'ya'yan mutane lamba, ransa ya ɓaci. Kuma kada ku ɗauka rashin wayewa ne. Tsoronsa kada mutanen ƙauye su zaci ƙidayar haraji ce su ɓoye yara, a yi asarar rigakafin gaba ɗaya.

Ranar da ya zo, ɗakin ya cika da shugabannin sashen lafiya na yankunan huɗu. Aka tayar da janareto, aka yaye wa kwamfuta zane. Madam ta fara bayani, bai bari ta yi nisa ba.

Ya ce, "Madam, lamba ta mota ce da fursuna. Yaran nan an yanka musu rago an raɗa musu suna. Me ya hana na'urarki ta kira su da sunansu?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sunan ne ba ya tsayawa wuri ɗaya."

Ya ce, "Wannan zancen 'yan boko ne. Iyalina a nan Gumel suke, ƙaramin ɗana a asibitin garin nan ake yi masa allura. Nemo min shi da suna in gani. Baffa."

Na buga Baffa, na buga Gumel, sai ga Baffa sun cika allo har suna gangarawa ƙasa. Darakta ya gyara zama yana kallon mutane, irin kallon kun gani ko. Madam ta ce, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, mene ne sunansa na yanka?"

Alhaji Garba ya buɗe baki, ya rufe. Ya gyara hula. Yaron sunan marigayi mahaifinsa ya ci, kuma duk wanda ke ɗakin ɗan Gumel ya sani. Ni dai na kafa ido a kan allo ina cizon leɓe, don in na kalli shugaban sashe na Maigatari, wanda kafaɗunsa suka fara rawa, to aikina ya ƙare ranar. Darakta ya yi gyaran murya ya ce, "Ai... sunan sananne ne."

Madam ba ta yi murmushi ba ko kaɗan. Ta ce, "Ba sai an faɗa ba, ranka ya daɗe. In Hajiya tana da katin, a karɓo mana."

Ya aiki direbansa. Kafin ya dawo aka sha lemo ana hirar damina, kowa na kauce wa idon kowa. Kati ya iso, na buga lambar, yaro ɗaya ya fito, shi kaɗai, sunansa na yanka ɓaro-ɓaro a saman allo. Darakta ya ce, "Karanta mu ji." Na ce a raina shi ke nan, yanzu za ta kira sunan mahaifinsa gatsau a gaban jama'a, duk abin da muka gina ya rushe.

Madam ta ɗan karkatar da allon zuwa gefensa shi kaɗai, ta ce, "Mai sunan Baba ne, ranka ya daɗe. An yi masa duk na baya. Saura ta ƙyanda, kuma lokacinta ya wuce tun watan jiya."

Ya leƙa allon, ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ya ce, "Wa ya koya miki cewa mai sunan Baba?"

Ta ce, "Matan Ɗanzomo, ranka ya daɗe."

Nan ya fashe da dariya, ɗakin duka ya samu izinin taya shi. Da aka lafa ya ce, "To ni da nake Darakta na kasa faɗa, ina ga yarinyar ƙauye a gaban layi. A bar lambar. Amma a gaya wa masu unguwanni su yi shela cewa ba ta haraji ba ce, kuma kada in ji ma'aikaci ya kira yaro da lamba a gaban uwarsa." Ya juya wajen direba ya ce ya koma gida ya ce wa Hajiya ta shirya yaron, asibiti za su yanzu. Kafin ya shiga mota ya sa hannu a sabunta kwantiragin Madam.

Abin da na ɗauka daga ranar, shi nake maimaita muku har kuna gajiya. Kada ku yi mabuɗi da abin da mutum zai faɗa da bakinsa, domin baki yana da kunya, yana da mantuwa, yana da surukai. Ku ba kwamfuta lamba ta riƙe, ku bar wa mutane sunayensu ko guda nawa ne. Kuma kafin ku rubuta layi ɗaya, ku tashi ku je ku zauna a bencin da ake tambayar mutane, ku ji da kunnenku abin da suke iya faɗa da wanda ba sa iyawa. Ita ta san na'ura, ni na san mutanena, kowannenmu shi kaɗai da ya kai aikin nan ƙasa.

Da motar Darakta ta fita daga harabar, Madam ta dawo ta zauna a kujerata. Ta ce, "Malam Ɗanjuma, don Allah ari keke ka je makaranta ka samu maigidana. Ka ce masa a kwance kwalayen." Na ce wane kwalaye. Ashe sun riga sun yanke shawara in aikin ya tafi albashi ɗaya ba zai riƙe su ba, ita da yara za su koma Filato su bar shi a Gumel, har ta ɗaure kayanta ba ta gaya wa kowa ba. Ban tsaya neman aron keke ba, da ƙafa na tafi, kuma ban san lokacin da na fara gudu ba.