Kaskar tsohuwar ruga

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a a Wudil, aka ba ni bincike a kan kaska. Ni da ko kyankyaso na gani sai na bar masa ɗakin. Aikin dai shi ne a ɗaura farin ƙyalle a sanda a riƙa jansa a kan ciyawa, duk kaskar da ta maƙale a tsince ta a jefa a kwalba. Sati biyu muna yawo ni da abokina, ba mu tara abin kirki ba.

Sai wani mai shayi ya ba mu labarin wata tsohuwar ruga bayan Lajawa, wai kaska ce ta tashi masu ita. Muka tafi ba tare da mun gaya wa malaminmu ba.

A hanya muka gaisa da wani dattijo. Ya daɗe yana kallon ƙyallen, sannan ya ce, "Samari, wa ya rasu?" Muka yi dariya, muka yi masa bayani. Shi bai yi ba.

"Shanu sun ƙare a can tun bara waccan. Ko balbela ba ta sauka. In ya zama dole, kada ku zauna."

Wurin shiru, turaku na nan a kafe da ruɓaɓɓun igiyoyi. Na ja ƙyallen taku ashirin, na waiwayo, ya yi baƙi ƙirin da kaska. Duk suna tahowa wajen hannuna, ba ƙara. Dabba ta daɗe ba ta taka wurin ba, amma suna nan suna jira.

La'asar ta yi, abokina ya cire takalmi da safa, ya naɗe wando ya yi alwala, ya tayar da salla a gindin wata tsamiya. Ina gani na ƙyale shi. Wa zai hana mutum salla?

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kayar da shi. Maganin maleriya bai yi komai ba. Mahaifiyarsa ta ce gamo ya yi, aka shiga turare da rubutu. Ni kuwa na ja bakina, ina tsoron a ce ni na kai shi.

Ranar da na je duba shi a asibiti bai gane ni ba. Ya ƙura mini ido yana gaishe ni da "Baba", mahaifinsa kuwa ya daɗe da rasuwa. Ina goge masa ƙafa da ruwa sai na ji wani abu a bayan gwiwarsa. Kaska ce, ta kumbura kamar gujiya. Na kira likita, na faɗa masa komai. Aka canza magani, kwana uku ya tashi zaune yana neman koko.

Yanzu yana da 'ya'ya huɗu, shi ke ba da labarin yana dariya. Ni ba na iya dariyar. Tun ranar farko zuciyata ta san abin da ke damunsa, tsoron faɗa kawai ya sa na bar shi kwance kwana biyar.