Inda Inna Ke Tsayawa

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai yayana Ummaru makwancinsa a Isa. Waɗanda suka san tashar motar garin a da ba za su manta shi ba, dogon mutumin nan da ba a taɓa ganin farcensa babu fenti ba. Shi ke zana bayan manyan motocin katako masu kai kaya Nijar. Ni ƙanensa ne, Haruna, sana'armu ɗaya, sai dai ni allunan shago nake yi a Sabon Birni. Na fi shi hannu, ko a gabansa ina faɗa, kuma ba ya musu. Idan na zana rago kana iya ƙirga gashinsa. Amma duk da haka shi ake nema.

Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. In na kawo masa zane, sai ya ja da baya taku biyar, ya kanne ido ɗaya, ya yi ta kallonsa har in ƙosa. Can sai ya ce, "Haruna, idona ya zo, bai samu wurin zama ba." Ni kuwa a ganina allo gona ce, wanda ya bar kusurwa ba shuka ya yi asara.

Da zai tashi yau ya ratsa kasuwa, ya ga allunan da inji ke bugawa, hoton mai shago da na kayansa da lambar waya uku duk a cushe wuri ɗaya, na san ba faɗa zai yi ba. Dariya zai yi, ya ce ashe Haruna ya tara zuri'a.

Abin da ya raba gardamarmu ya faru ne a shekarun farin nan da tsofaffi har yau ba sa son ambato. Damina biyu a jere gero ya kai gwiwa ya ƙone. Baba ya riga ya rasu, mahaifiyarmu Inna tana zaune a ƙauyenmu kusa da Tsamaye. Rijiya ta koma taɓo, maƙwabta suka watse ɗaya bayan ɗaya. Inna ta rame har awarwaronta na zamewa daga hannu. Mun yi mun yi ta koma gidan Yaya a Isa, ta kafe.

"Ba ni zuwa," in ji ta. "In na tahi, wa ka tuna gonar ubanku?"

Mun san idan ta ƙara wata biyu a can, gawarta za mu ɗauko.

Dabarar tawa ce, kuma har gobe ina alfahari da ita: a zana mata gonar a allon katako ta tafi da abinta. Mako guda na yi a kai. Na sa gero ya yi zangarniya, na sa dawa da wake, rumbu uku, shanun Fulani, hadari, har da bakan gizo. Bishiyar gawon da Baba ke hutawa a gindinta na dasa ta a tsakiya, shar da ganye. Komai ya fito daga sama, sai ka ce a kan rumbu na tsaya.

Ni da Yaya muka kai mata. Ta daɗe tana dubawa.

"Wagga gonar wa ta?" ta tambaya. "Allah shi ba mai ita lahiya. Kuma gawo da ganye tsakiyar damana? Haruna, kai dai ɗan birni na."

Kowane ɗan manomi ya san gawo da rani yake ganye, damina na sauka ya kakkaɓe. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Yaya bai yi dariya ba. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, in kin kawo ma Baba hura, ina kika tsayawa?"

Ta dube shi, ta jawo sandarta. Muka bi ta a hankali har bakin gona, inda ƙaramar hanya ke shiga ta gefen gamba. Nan ta tsaya. Ashe tun aurenta nan ne iyakarta, daga nan take ɗaga murya ta kira Baba. Na tsaya kusa da ita, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Daga wurin, gawon ba a tsakiya yake ba, yana can dama da nisa, hanya ta karkata ta nufe shi, sararin sama kuma ya fi ƙasar yawa. Gonar da Inna ta sani ke nan, ba ta san wata ba.

Bai goge aikina ba. Juya allon ya yi, ya zauna a ƙasa daidai sawunta, ya buɗe gwangwanayen fentinsa. Kafin la'asar ya gama. Hanya ta taso daga kusurwar hagu ta ƙasa, ta tafi tana sirancewa. Gawon na dama da ganyensa na rani. Ƙasa ja, ba ko tsiro, yadda farin ya bar ta. A gindin bishiyar ya sa inuwa, bai sa komai a cikinta ba.

Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Na raɗa masa ya sa ko rumbu ɗaya, gefen hagu ya yi wayam.

"Nan idonta ka bi," ya ce. "Kak ka toshe mata hanya."

Inna ta karɓi allon tun bai gama bushewa ba. Ta ɗora yatsa a bakin hanyar, ta bi ta sannu sannu har inuwar, ta tsaya. Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi. Da ta ɗago sai ta ce, "Ku ɗauko mini tabarmata da buta." Washegari muka ɗora ta a mota. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a gidan Yaya, ta goyi jikokinta. Ruwa ya dawo, muka ci gaba da noma gonar, ba ta taɓa cewa a mai da ita ba.

Yau ma mutanenmu na barin gonakinsu, daga wajen Gatawa da ƙauyukanmu, wannan karo ba don fari ba, don masu bindiga. Ni kaina na jima ban taka tamu ba. Motocin da Yaya ya zana duk sun ruɓe, an sayar da ƙarafunansu. Allon nan kaɗai ya rage, yana ɗakina, zanena na baya yana kallon bango inda ya dace da shi. Sai kuma tambayarsa. Wata tsohuwa da ta gudo ta zo in zana mata gidansu, kafin in taɓa fenti na tambaye ta inda take tsayawa.

Shekaru na yi ina ɗauka cewa don malamai ba sa son a zana mutum ya bar inuwar nan babu kowa. A ciwonsa na ajali, ina zaune bakin gadonsa da hantsi, na tambaye shi.

Ya yi murmushi. "Na gwada, Haruna. Huskar Baba ta ɓace mini. Sai nic ce in bar ma Inna wurin, ta hi mu riƙe shi."

Ina masa kallon gwani mai wata ɓoyayyiyar hikima, ashe maraya ne irina, wanda ya rasa fuskar ubansa kuma ya ƙi ƙirƙiro wata. Tun ranar na ƙara son shi, kuma na yi takaicin duk shekarun da na ɓata ina gasa da shi.

Bana na zauna zan zana shi. Na riƙe burushi har fenti ya bushe a bakinsa, fuskar ta ƙi zuwa. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka makwancinka. Ni ba ni da Innar da zan bar wa wurin.